Sa Hannun Dona Ivonete

Yarinyar da ke bayan tebur tana gama danna lambar shaidarsa a kwamfuta, murmushin da ta tarbe shi da shi ya ɓace. Edivaldo ya san wannan kallon. Ya gan shi a ofishin dillalan gidaje na Penha, ya gan shi a Tatuapé, ga shi yau ya biyo shi har Itaquera, duk unguwannin birnin São Paulo.

Ta rage murya kamar mai yi masa ta'aziyya ta ce, "Seu Edivaldo, sunanka fa yana da datti, yana cikin jerin waɗanda ake bi bashi ba su biya ba."

"Na sani."

"To ai da ka faɗa tun farko, da ban wahalar da kai hawan bene ba."

Ta kuwa wahalar da shi, don ya riga ya ga gidan, kuma ya ƙyasa. Ciki da falo ne a hawa na uku, da ɗan kicin ɗin da mutum biyu ba za su tsaya a cikinsa ba sai in suna son juna. Tagar falon tana kallon layin jirgin ƙasa. Yana tsaye a wurin nan ɗazu har ya gama yanke inda budurwarsa Cleonice za ta kafa keken ɗinkinta, da ƙusar da zai rataye hularsa in ya dawo daga gidan burodi.

Wani abin haushi, ko allura Edivaldo bai taɓa ci bashi don kansa ba. Ƙanensa Genival ne ya zo daga jiharsu ta Piauí yana son babur na kai saƙo, ba shi da takardar albashi, ya ce, "Yaya, ara mini sunanka in ɗauka a shago, ni zan riƙa biya." A garinsu kuwa ba a hana ɗan'uwa aron suna, yadda ba a hana shi ruwan sha. Genival ya yi ta biya tsakani da Allah, har ranar da wata motar bas ta kwashe shi a kan babban titin Radial Leste. Babur ya zama gwangwani, ƙafa ta karye, aka sa shi a mota ya koma wurin uwarsu. Bashi ya zauna a birni tare da mai sunan.

Yarinyar ta ga ya ƙi tashi, sai tausayi ya kama ta.

"Mai gidan tsohuwa ce, ba ta da zafi. In ka kawo fiador, wanda zai tsaya maka, za ta rufe ido a kan sunan. Amma ka san sharaɗin. Sai mai gida nasa na kansa, a cikin birnin nan, wanda ya gama biya. In yana da aure, matarsa ma sai ta sa hannu. Zan ɓoye maka makullin zuwa Juma'a ta sama, fiye da haka ba zan iya ba."

Ya yi godiya ya fito. Ana yayyafi. Ya tsaya a bakin titi yana kallon benaye jere har inda ido ya ƙare, kowace taga da mai ita, ya shiga lissafa mutanen da ya sani a São Paulo. Bai yi nisa ba suka ƙare.

Ya fara da maigidansa, Seu Amâncio mai gidan burodi, wanda ya yi shekaru yana cewa ya ɗauke shi kamar ɗan cikinsa. Tsohon ya saurare shi yana goge hannu da tawul, sannan ya dafa kafaɗarsa.

"Valdo, ka roƙe ni jini in ba ka. Ka roƙe ni ƙoda in yi shawara da likita. Amma tsaya wa ɗan haya? Ko uwata ce ta taso daga kabari ta miƙo mini biro, sai dai ta koma ta kwanta."

Ya ba shi burodi biyu masu zafi ya tafi da su gida.

Ya je wurin Aderbal, ɗan garinsu, mai gida hawa biyu a bayan unguwar Guaianases. Shi kam har ya miƙe zai sa riga, sai ya tsaya ya dafe kai.

"Kai, ɗan'uwa, na manta. Gidan nawa ne, kowane bulo da hannuna na ɗora. Amma takardar fili ba ni da ita. Duk layin nan ba mai ita."

Daga nan bai san ƙofar da zai buga ba. Ya koma masaukinsa na unguwar Brás, tsohon gidan da aka yayyanka da katako aka mai da shi ɗakunan gwagware. Kana jin tarin maƙwabcinka, kana jin rediyonsa, amma sunansa ba ka sani ba. Mai masaukin ta liƙa doka a bakin matakala cewa mace ba ta hawa sama. Edivaldo ya zauna a gefen gado ya ci burodi ɗaya da ruwa, ɗayan ya rasa wanda zai ba. Kaɗaici ya taso masa.

Ranar Lahadi ya goge rigarsa mai kyau ya tafi gidan su Cleonice cin abincin rana.

Tun daga ƙofa ya ga jar motar Wanderlei. Wanderlei mai shagon kayan gyaran mota ne, ɗan ƙawar Dona Ivonete, uwar Cleonice. Tun da ya sayi gida a Tatuapé bai ƙara sa makulli a aljihu ba. A kan tebur yake ajiye su, kusa da farantinsa, duk wanda zai miƙa hannu ya ɗauki gishiri sai ya gan su.

"A'a, mai burodi! Ka iso?" in ji Wanderlei. "Zo ka zauna. Yaya otal ɗin naku? Har yanzu ana layin banɗaki da asuba?"

"Ana yi. Yana koya wa mutum haƙuri."

"Ai kai kam ka kusa zama waliyyi."

Seu Nicanor, uban Cleonice, tsohon direban bas ne wanda ya gaji da hayaniya tun a kan titi. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da yanka kaza. Dona Ivonete ta zuba wa Wanderlei taliya har ta yi tozo, ta ɗora masa cinya. Edivaldo ya samu fiffike.

Ta ce, ba tare da ta kalle shi ba, "Maganar gida fa, Edivaldo? Na gaya maka tun bara. Ni ban ce sai mai kuɗi ba. Amma ba na ba da 'yata a ɗakin da in ta yi atishawa ƙato zai amsa mata daga bayan katako."

"Ana kan nema, Dona Ivonete."

"Nema dai. Mu ma muna kan jira."

Cleonice ta ajiye cokali ta tashi. Da zai tafi ta biyo shi har bakin ƙofar waje, ta jawo ƙyauren a bayanta. Idanunta sun yi ja.

"Valdo, ka samu gida ko? Na gani a fuskarka tun da ka shigo. Kar ka ɓoye mini."

Ya gaya mata komai, tagar da kicin ɗin da sharaɗin tsohuwa. Tana ji hawaye suna zubo mata, ba ta ko share ba.

"Shi ne ka yi ta yawo ƙofa ƙofa kamar maraya, ga gidanmu? Baba zai tsaya maka."

"A'a, Nice. Kar ki fara."

"Don me?"

"In zo neman 'yarsu, in kuma zo neman gidansu? Da wane ido zan kalli mamanki?"

"Da idon da kake kallona! Kai kana ganin ni ban gaji ba? Kullum Lahadi a zaunar da ni gaban wancan mai kaɗa makulli kamar akuyar sayarwa. Shekaruna nawa, Valdo? Ƙawayena duk sun yi goyo. Ni na ce ko ƙarƙashin gada ne zan bi ka, kai ka ce sai da yardar Mama. To ga hanyar yardar ta zo, kuma kana ce mini kunya?"

"Ba kunya kaɗai ba ce."

"To mene ne?"

Bai iya faɗa ba, don shi ma lokacin bai gama sanin mene ne ba. Ta kama hannunsa ta matse.

"Ka bar ni da su. Ban taɓa roƙonsu komai ba, wannan karon sai sun ji ni."

Daga ciki Dona Ivonete ta ƙwala mata kira, ta sake shi ta koma.

Ranar Alhamis ya tashi aiki da azahar, ya dawo ya kwanta da kayan aikinsa a jiki. Bai daɗe ba aka buga ƙofa. Mai masaukin ce, tana haki.

"Kana da baƙuwa. Na ce mata mace ba ta hawa, ta ce ita ta wuce mace, ta zama kaka. Ka san yadda za ka yi da ita."

Dona Ivonete ce a bayanta, da lema a hannu da jakarta ta zuwa coci.

Edivaldo ya rikice. Ya janye tawul daga kan kujera ɗaya tilo ya goge mata. Ta zauna, ta bi ɗakin da kallo, gadon ƙarfe, akwati, ƙaramin risho a ƙasa, hoton uwarsa a jikin katako. Ya jira baƙar magana, ba ta zo ba.

"Irin ɗakin nan na fara sauka da na zo daga jihar Bahia," ta ce a hankali. "Namu ma mu huɗu ne a ciki."

Ta yi ajiyar zuciya.

"Cleonice ba ta sa komai a bakinta ba tun ranar Lahadi sai ruwa. Ubanta ya riga ya karaya, dama shi zuciyarsa ba ta da ƙashi. Saura ni. To na zo in gaya maka da bakina, zan sa hannu."

Bai san lokacin da ya durƙusa ba.

"Dona Ivonete, Allah ya saka miki, Allah ya..."

"Tashi, ban gama ba."

Ya koma gefen gado ya zauna.

"Ka san abin da ake nufi da hannun nan? A ƙasar nan ko bashin duniya ne a kanka, ba kasafai ake taɓa gidan da iyalinka ke kwana a ciki ba. Amma wanda ya tsaya wa ɗan haya, shi ba ruwan doka da inda zai kwana. In ɗan haya ya faɗi, gidan mai tsaya masa ake bugawa gwanjo. Ba labari aka ba ni ba. Yayata Dinorá ta tsaya wa mijin 'yarta, yaro mai hankali, mai zuwa coci, ya fi ka ladabi. Kamfaninsu ya rufe. Ni na taya ta kwashe tukwane a kan titi, maƙwabta suna leƙe. A ɗakin bayan gidana ta mutu."

Ta buɗe tafukan hannunta ta nuna masa.

"Ka ga hannun nan? Banɗakin masu kuɗin unguwar Higienópolis ya wanke har na sayi filin can. Ranar da za a zuba simintin rufi, ina da cikin Cleonice wata takwas, na dafa wake da nama na ciyar da layin gaba ɗaya don su taya mu ɗaukar bokiti. Ba ni da gona, ba ni da fansho na kirki. Gidan nan shi ne tsufana, shi ne na Nicanor, kuma shi ne abin da zan bar wa Cleonice in aure ya ƙi ta. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ɗana. Ba ƙinka nake yi ba. Tsoro nake ji."

Tun da ya san ta, yau ne ta fara ce masa ɗana.

"Gobe zan sa kayana in je in sa hannu, na yi wa 'yata alkawari. Abu ɗaya nake roƙo. Ka kalli idona ka rantse mini ba za ka taɓa faɗuwa ba. Ba ciwo, ba kora daga aiki, ba komai. Ka rantse in samu in yi barci."

Edivaldo ya buɗe baki. Rantsuwar tana kan harshensa, kuma da zuciya ɗaya zai yi ta. Sai ya tuna haka Genival ya rantse masa, hannu a ƙirji, kuma Genival bai yi ƙarya ba. Bas ce kawai ba ta ji rantsuwar ba. Ya kalli tabon ƙunar tanda a damtsensa. Ya tuna Seu Amâncio ya tsufa, 'ya'yansa kuma ba mai son sana'ar burodi.

Abin da ya kasa gaya wa Cleonice a bakin ƙofa ke nan. Ya san nauyin aron suna, don shi ma an taɓa aron nasa. Yanzu kuma shi ne zai miƙa hannu a ara masa rufin tsofaffi biyu.

Hawaye suka cika masa ido.

"Ba zan iya rantsewa ba, Dona Ivonete."

"To shi ke nan. Ko ba rantsuwa zan sa."

"Kar ki sa."

"Na ce na yi alkawari."

"Na ji. Ni ne ba na so. Ki riƙe gidanki."

Ta rufe fuska da gefen mayafinta ta fashe da kuka, kafaɗunta suna girgiza. Kukan wanda aka sauke wa kaya ne, ya gane haka, kuma bai ji haushinta ba. Maƙwabcinsa ya rage muryar rediyo don ya ji da kyau.

Da ta natsu ta miƙe, ta ɗauki lemarta. A bakin ƙofa ta juyo ta kama hannunsa da nata biyu.

"Don darajar uwarka da ke jikin bangon nan, kar Cleonice ta san na zo. In ta ji, ba za ta sake kirana uwa ba har in mutu. Ita kaɗai gare ni."

"Ba za ta ji daga bakina ba."

Ta sauka a hankali tana dafa bango. Ya zauna a kujerar da ta tashi, bai cire takalmi ba, bai kunna risho ba, har hasken taga ya fara ja.

Can ya ji ana kiran sunansa daga titi.

"Valdo! Valdo, leƙo!"

Ya leƙa. Cleonice ce take fitowa daga kujerar baya ta jar mota, ko lema ba ta tsaya ɗauka ba. Ya sauko. Tana ganinsa ta ruga ta rungume shi a gaban mai masauki da masu sayar da kaya a bakin titi, tana dariya tana kuka. Ta rame, amma fuskarta kamar an kunna fitila.

"Mama ta yarda! Da safe ta shigo ɗakina da kanta ta ce za ta sa hannu. Gobe da ƙarfe tara, ita da Baba. Valdo, ka ji ni kuwa? Mun samu gida!"

Ya kalli motar. Wanderlei yana zaune a ciki, hannu ɗaya a kan sitiyari, bai kashe injin ba.

"Me ya kawo wancan?"

"Rabu da shi. Mama ce ta kira shi tun da safe, ta ce in na tashi daga shago ya kawo ni in yi maka albishir, ya jira ya mai da ni saboda ruwa. Ka ga ko a kujerar gaba ban zauna ba."

Tun da safe. Ashe tun kafin tsohuwar ta hau matakalar nan ta san amsar da zai ba ta, har ta tanadi wanda zai kwashe 'yarta in ta fito tana kuka. Kuma duk da haka hawayenta ba na ƙarya ba ne, labarin yayarta ma ba ƙarya ba ne. Wannan ne ya fi yi masa ciwo.

Ya zare hannuwan Cleonice daga wuyansa.

"Nice, ki ce musu kar su wahalar da kansu gobe. Na fasa karɓar gidan."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Da ta ga fuskarsa dariyar ta tsaya.

"Ka fasa? Kamar yaya ka fasa?"

"Na fasa kawai."

"Wani abu ya faru? An ba wani? Sun ƙara kuɗi? Ka yi magana mana!"

"Ba abin da ya faru."

"Valdo, kwana nawa ban ci abinci ba saboda gidan nan? Na durƙusa wa uwata, na kama ƙafarta, abin da ban taɓa yi ba. Na ce mata kai ba irin sauran ba ne. Yanzu in koma in ce mata me? In ce ta fi ni gaskiya?"

Ya kawar da kai. Ruwa ya fara ƙarfi, masu kaya suna ta jan leda suna rufe tebura.

Ta matso har yana jin numfashinta.

"Kalle ni. Gidan ne ba ka so, ko ni?"

Magana ɗaya ce tsakaninsa da ita. In ya ce mamanki ta zo, shi ke nan, Cleonice ba za ta kwana a gidan can yau ba, za ta bi shi ko ina ne, ta rasa uwa ta samu miji. Shi kuwa ya san yadda birnin nan yake ga wanda ba shi da kowa. Ya ɗanɗana, ba zai so wa maƙiyinsa ba, balle ita.

"Ruwa zai jiƙa ki, Nice," ya ce. "Je ki shiga mota."

Ta tsaya tana kallonsa, tana jira ya ƙara ko da kalma ɗaya. Bai ƙara ba. Ta sa bayan hannu ta share fuskarta, ta gyaɗa kai a hankali, ta juya ta tsallaka titi.

Da ta isa motar ba ta taɓa ƙofar baya ba. Ta zagaya ta buɗe gaba ta shiga.